Tambari ya ce 10.75×68, ciki ya ce .404: nazarin gano asali da gyaran wata tsohuwar Mauser

Kwalliya aka kawo bindigar a yi mata. Mai ita ya saye ta ta hannu daga magadan wani tsohon mafarauci, da takardunta cikakku, abin da yake so kuwa bai wuce a kankare tsatsa, a sake baƙanta ƙarfen, a kuma ɗinke ƙotar da ta tsage a wuya ba. An haɗa masa da kwali biyu na tsofaffin harsasai masu lamba 10.75×68, lambar da aka buga a saman bututun. Bai kai ga harba ta ba saboda tsagar nan ta ba shi tsoro, kuma da ƙotar lafiyarta lau, da tuni ya ɗura ɗaya daga cikin harsasan ya ja kunama.

Bindiga ce mai sakata, ƙirar Mauser 98, tsarin da Paul Mauser ya kammala a 1898 wanda har yau masu farautar manyan namun daji ba su sami abin da ya kore shi ba. Sakatarta na da haƙora biyu a gaba waɗanda ke kulle harsashi, da na uku a baya na ko-ta-kwana, ga doguwar ƙugiya a gefe wadda ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga magazin, ba ta sakin sa sai an fitar da kwanson. Tsawon bututun santimita 60, nauyin bindigar duka kilo 3.6. Gefenta na hagu ya yi ja da tsatsa, alamar ta daɗe kwance a kan wannan ɓarin cikin danshi. Robar gindin ƙota ta bushe ta zama dutse. An taɓa shafe katakon da fanish mai kauri, har ya cike zanen riƙo. Kawunan sukurori duk sun tauye, domin an sha kwance su da sukurudireban da bai dace da su ba.

Bayan an tabbatar babu komai a cikinta, abu na farko da na roƙi mai ita shi ne ya haƙura da maganar samfefa. Duk abin da zai gaya mana asalin bindiga a fatar ƙarfe yake, zurfinsa bai kai kaurin farce ba, kuma wanda ya goge shi ya goge har abada.

Abin da tambura suka faɗa

A bangon hagu na uwar bindiga, wato ƙarfen da sakata ke kai-komo a cikinsa, an rubuta MAUSER-WERKE A.G. OBERNDORF A/N. Oberndorf gari ne a bakin kogin Neckar a kudancin Jamus, kamfanin kuwa bai ɗauki wannan suna ba sai a 1922, kafin nan Waffenfabrik Mauser ake rubutawa. Ke nan ba ta girmi 1922 ba. Da aka raba ƙarfe da katako, sai ga tamburan gwaji a ƙarƙashi: kambi a kan harafin B, kambi a kan U, kambi a kan G. Waɗannan na tsohuwar dokar gwajin bindigogi ta Jamus ne, wadda aka kafa a 1891 ta fara aiki a 1893. B na nufin an gwada ta tana gamammiya, U an duba ta bayan gwajin, G kuwa bututu ne mai tsaga a ciki. Sabuwar dokar 1939 ta sauya kambi da mikiya a kan harafin N, aka fara buga ta a 1940. Babu mikiya a jikin wannan. Saboda haka tsakanin 1922 da 1940 aka ƙera ta, kuma a nan na tsaya. Takardun kamfanin sun salwanta bayan 1945, lokacin da Faransa ta mamaye yankin aka kwance masana'antar, don haka wanda ya karanta lambar jiki ya faɗa maka wata da rana, ƙiyasi yake yi.

Lambar jikin ta zo ɗaya a uwa da bututu da hannun sakata, har ma a cikin kwarin katako inda bututu ke kwanciya. Wannan ya tabbatar bututun na asali ne, ba a taɓa sauya shi ba. Wuri ɗaya lamba ta saɓa: harshen da ke tura harsasai sama a cikin magazin ba shi da lamba ko kaɗan, kuma gefensa ya sha magagari.

Daga nan ido ya buɗe. Bangon baya na akwatin magazin yana da tabon walda, an yanke shi an matsar da shi baya. Fuskar sakata, inda gindin harsashi ke zama, ta fi yadda ya kamata faɗi, kuma sawun injin da ke kanta bai yi kama da sauran aikin masana'anta ba. Leɓɓan uwa guda biyu da ke riƙe harsasai daga ƙasa an faɗaɗa su. Abin da babu shi ma magana ne. Idan aka taɓa cikin bindiga a Jamus aka mayar da ita gidan gwaji, akan ƙara mata kambi a kan R. Da a Ingila aka yi aikin, da an ga tambarin gidan gwaji na Landan ko na Birmingham. Ba ko ɗaya. An yi wa bindigar babban aiki a wani wuri, ba wanda ya gwada, ba wanda ya rubuta.

Na zare kan harsashi ɗaya daga cikin na mai ita, na zubar da albarushin, na cire allurar sakata, wadda ke sarar gindin harsashi ya tashi, gaba ɗaya, sannan na zura kwanson a mazauninsa. Sai ya riƙa girgiza a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babba.

Zubin mazauni

Hanyar da ba ta ƙarya wajen sanin harsashin bindiga ita ce a ɗauki siffar mazaunin harsashin kanta. Mutanen da da farar wuta suke yi. Yanzu akwai wani haɗin bismat da dalma da kuza da kadmiyam da ake sayarwa da sunan Cerrosafe, wanda ke narkewa tsakanin digiri 70 da 88 na ma'aunin salshiyos, wato bai kai zafin tafasasshen ruwa ba, ba ya yi wa ƙarfen bindiga komai. Ana toshe bututu da tsumma ɗan gaba da mazauni, a ɗan ɗumama ƙarfen, a zuba. A rabin awar farko zubin na ɗan tsukewa, lokacin ne ake turo shi waje da sanda. Idan ya cika awa ɗaya girmansa yana daidaita da na mazaunin, lokacin ne ake aunawa, domin bayan haka zai ci gaba da ɗan kumbura. A yi shi inda iska ke shiga, dalma da kadmiyam ba abin shaƙa ba ne.

Kwanson 10.75×68 tsawonsa milimita 68, kaurin gindinsa wajen 12.6. Zubin da ya fito tsawonsa ya ɗan haura 73, gindinsa wajen 13.9, ga kafaɗa mai doguwar gangara wadda duk wanda ya taɓa riƙe harsashin zai gane ta daga nesa. Mazaunin .404 Jeffery ne, wanda a Turai ake kira 10.75×73.

Dalilin da ya sa aka yi wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne, kuma an yi wa bindigogi da yawa irinsa. Harsasan biyu kaurin kansu kusan ɗaya ne, inci 0.423, wato wajen milimita 10.75, don haka bututu ɗaya na iya ɗaukar kowanne. Na Jamus yana jefa kai mai nauyin giram 22.5, kuma ya yi farin jini a Afirka tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu saboda bindigoginsa marasa nauyi ne, masu sauƙin kuɗi. Sai dai sunansa ya ɓaci wajen giwa da ɓauna. John Taylor, a littafinsa African Rifles and Cartridges na 1948, ya soke shi da cewa kansa ba ya ratsawa yadda ake buƙata idan ya gamu da ƙashi mai kauri. Shi kuwa .404, wanda kamfanin W.J. Jeffery na Landan ya fitar kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana jefa giram 25.9 da gudun mita 648 a daƙiƙa a ɗurinsa na asali, ƙarfin da ya kai jul 5,400 da ɗoriya. Shi ne hukumomin kula da namun daji na Gabashi da Kudancin Afirka suka riƙa raba wa ma'aikatansu. Wanda ke da 10.75×68 yana ganin maƙwabcinsa da .404, sai ya kai wa maƙeri ya ƙwaƙule mazauni, ya sami babbar bindiga ba tare da ya sayi sabuwa ba.

Laifin da na gani wurin wanda ya yi aikin ɗaya ne, amma babba: ya bar tsohuwar lambar a saman bututu. Da ƙirar wata bindigar ce, ƙaramin harsashi zai iya zurmawa gaba inda allura ba za ta kai gare shi ba. A Mauser, ƙugiyar nan da ake yabo tana iya riƙe shi a fuskar sakata har allura ta sare shi. Kwanson da ke da ratar fiye da milimita ɗaya a kewayensa ba shi da bangon da zai jingina, sai ya fashe, iskar wuta ta biyo baya. Mauser ya yi wa sakatarsa ramuka biyu da garkuwa a baya don karkatar da irin wannan iska daga fuska, amma wannan tanadin ranar tsautsayi ne, ba wanda ke da hankali da zai jarraba shi da gangan. Na nuna wa mai ita zubin da harsashinsa gefe da gefe, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Malam, ashe da ƙotar ba ta tsage ba, da ni na tsage." Tun ranar aka raba kwalayen biyu da bindigar.

Ko uwar za ta ɗauka

Sanin harsashi rabin aiki ne. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko sauyin ya bar ƙarfe isasshe.

Harsashin 10.75×68 tsawonsa duka wajen milimita 81 ne, yana shiga uwar Mauser ta yau da kullum ba gardama. Na .404 ya doshi 90. Tilas a nemo wa wannan bambanci wuri, kuma wurin biyu ne kawai: baya ko gaba. A baya ana iya matsar da bangon magazin, a rage abin da ke tare sakata don ta ƙara ja da baya, ba tare da an taɓa ƙarfin bindiga ba. A gaba kuwa akwai gangarar da harsashi ke hawa ya shiga mazauni, kuma ita ce ta fi sauƙin ci da magagari. Matsalar ita ce wannan gangara ba ado ba ce. Idan an kulle sakata, haƙorinta na ƙasa a jikin wannan tudun ƙarfe yake jingina, shi ke ɗaukar rabin turin da harsashi ke yi baya. Duk milimitar da aka cinye daga gangara, daga bayan haƙorin aka cinye ta. Maƙerin da ya nemi tsawon gaba ɗaya ta gaba ya kashe uwar, ko da ta yi kyau a ido. Sanya .404 a gajeriyar uwa ba haramun ba ne a sana'ar. Jeffery da kansa ya yi haka a farkon zamani, lokacin da kamfanin Rigby ke riƙe da wakilcin Mauser a Biritaniya, doguwar uwar kuma a hannun Rigby take. Abin dubawa shi ne yadda aka yi.

Ba a ganin mazaunin haƙora sai an kwance bututu daga uwa, kuma ba da kowane maƙalli ake yin wannan ba. Akwai matsi na musamman da ke rungumar bututu da sifana mai kama zoben uwa ta waje, domin wanda ya zura ƙarfe ta cikin uwa ya murɗa, murɗe ta zai yi. Da aka kwance, na auna tudun na gwada shi da na wata uwar Mauser da ba a taɓa ba. An ci gangarar, amma kaɗan, bai kai milimita biyu ba. Mafi yawan tsawon ta baya aka samo shi, shi ne tabon waldar da aka gani. Wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi.

Saura lafiyar mazaunin haƙoran. Uwar Mauser ta wancan zamani ƙarfe ne mai laushi a ciki wanda aka taurara fatarsa kawai. Idan matsi ya yi yawa ko an cinye fatar, haƙora na lotsa mazauninsu, su yi ɗan gurbi, sai ka ji hannun sakata yana tauri wajen ɗagawa bayan harbi. Na duba da madubi da tsinken ƙarfe mai lanƙwasa: akwai sheƙin gogayya a duka biyun, daidai wa daida, babu gurbi. Aka kai uwa da sakata aka yi musu gwajin maganaɗisu, wanda ke fito da tsagar da ido ba ya gani, ba a sami komai ba. Kaurin bututu a kewayen mazauni ma ya isa. Zaren bututun babbar Mauser kaurinsa inci 1.1 ne, wajen milimita 28, kuma sirancewar bututun ba ta fara ba sai bayan an wuce kafaɗar sabon mazaunin. A wasu bindigogi marasa nauyi nan ne ake samun matsala, domin sabuwar kafaɗa tana matsawa gaba zuwa inda ƙarfe ya fara raguwa.

Da aka mayar da bututun, aka auna ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi da ma'aunan ƙarfe guda biyu, gajere wanda dole sakata ta rufe a kansa da dogo wanda bai kamata ta rufe ba. Ana cire allura da ƙugiya tukuna, a sauke hannun sakata da ɗan yatsa ɗaya, ba da ƙarfi ba, musamman a .404 da kafaɗarsa ke da santsi, inda ɗan dannawa kaɗan zai ba ka amsar ƙarya. Ta rufe a gajere, ta ƙi dogo.

Cikin bututu ya yi duhu, da ƙananan ramukan tsatsa daga tsakiya zuwa baki. Wannan aikin tsofaffin hulunan wuta ne na gindin harsashi, waɗanda ke kunna albarushi, masu barin gishiri bayan harbi. Gishirin na jawo danshi, mai kuma ba ya narkar da shi, sai ruwa. Shi ya sa aka fara wanke shi da ruwan zafi kafin a shiga cire dattin tagulla. Na tura dunƙulen dalma mai laushi daga baya zuwa baki na auna, ya ba da milimita 10.75 a zurfin tsaga, daidai da kan harsashin yau. Wannan awon wajibi ne a tsofaffin .404, don an san bututunsu ba duka ke da faɗi ɗaya ba, akwai matsattsu. Wani abin daɗi da sauyin ya jawo ba da niyya ba: da aka tsawaita mazauni an yanke tsohon maƙogwaron da wuta ta cinye, don haka farkon tsagar ya fi sauran bututun ƙuruciya.

Mai ita ya tambaya ko za a iya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ba za a iya ba da gaskiya. Sai an sa sabon bututu, an cike fuskar sakata, an sake akwatin magazin, leɓɓan da aka cinye kuwa ba sa tsirowa. Ƙarshenta a rasa bututun asali mai tamburansa don a sami harsashin da ya fi wahalar samu. Muka tsaya a kan ta zauna .404, bisa sharaɗin ta ci gwaji.

Ƙota

Tsagar wuyan ma daga sauyin ta samo asali. A ƙasan uwa akwai wata dunduniyar ƙarfe da ke shiga gurbi a katako, ita aka yi don ta miƙa wa ƙota dukan baya. An sassaƙa wannan ƙota don ƙaramin harsashi, sai aka ɗora mata babba. Lissafi na kusa-kusa ya nuna .404 a bindiga mai kilo 3.6 na dukan kafaɗa da ƙarfin da ya kai jul 60, fiye da ninki biyu na bindigar soja mai 8×57. Ga kuma man bindiga da aka shekara ana zubawa yana gangarawa cikin katako duk lokacin da aka jingine ta a tsaye. Katakon bayan dunduniya ya jiƙe ya yi laushi, ya lotsa, ƙarfen ya ja baya, wutsiyar uwa ta zama tsinken tsaga itace a wuyan ƙota. Wanda ya zuba gam a tsagar kawai ya mayar, ba zai yi harbi goma ba ta sake buɗewa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne fitar da man. Ana dama garin alli da asiton a shafe wurin, a bar shi ya bushe ya tsotso, a kankare, a sake, har allin ya daina yin ruwan ƙasa. Gam ba ya kama katako mai mai. Bayan nan aka buɗe tsagar a hankali aka ɗura mata efoksi mai ruwa har ƙarshenta, aka ɗaure da robar taya wadda ke matse ko'ina ba tare da ta bar sawu ba. An binne sandunan ƙarfe masu zare a gicciye ta ciki, ɗaya bayan dunduniya, ɗaya a siririn katakon da ke tsakanin magazin da kunama, yadda ba a ganinsu daga waje. Aka sake gina gurbin dunduniya da efoksi mai garin ƙarfe, sannan aka bar 'yar rata, kamar rabin milimita, a bayan wutsiya don kada ta sake taɓa katako. An sa dalma a gindi da gaban ƙota, nauyi ya koma kilo 4.2, dukan ya sauko zuwa wajen jul 52, ma'auninta a hannu kuma bai gusa daga gaban magazin ba.

Fanish ɗin da sinadari aka cire shi, ba da samfefa ba, domin katakon tsohuwar bindiga ya kamata ya ɗan fi ƙarfe tudu a inda suka haɗu, idan ya nutse ƙasa da ƙarfe ba gyara. Lotsattsun wurare aka tayar da su da jiƙaƙƙen tsumma da dutsen guga mai zafi. Zanen riƙo aka bi shi layi-layi aka share, ba a zurfafa shi ba. Sai man linsid, kaɗan-kaɗan da tafin hannu. Tsummokin man nan a jiƙa su da ruwa ko a shanya su a buɗe, don idan aka dunƙule su suna iya kama wuta da kansu.

Ƙarfen waje

A nan muka ɗan ja da mai ita. Yana son ta yi baƙi wul tana ƙyalli, irin na sababbin bindigogi. Irin wannan baƙin ana samun sa ne ta hanyar goge ƙarfe a injin sannan a tsoma shi a tafasasshen gishiri mai zafin digiri 140 ko kusa. Injin zai zagaye kusurwoyi ya shafe rabin tamburan da muka dogara da su. Gishirin kuwa yana cin liƙin dalma, gindin saiti da zoben maɗaurin rataya na wannan bindiga kuma da dalma aka liƙa su. Sai wata rana a tsakiyar harbi saiti ya tashi.

Abin da aka yi ya fi sauƙi. An wanke mai, aka tafasa ƙarfen a tataccen ruwa. Tafasawa na juya jar tsatsa ta koma baƙa mai kama jiki, sai a share garin da ke sama da lallausan burushin waya. Da haka mafi yawan baƙin asali na uwa ya dawo ba a cire ƙarfe ko ƙwaya ba. Bututun kaɗai aka sake wa baƙi, ta tsohuwar hanya: a shafa ruwan da ke sa tsatsa, a bar ta ta fito, a tafasa, a share, a maimaita har launi ya zauna. Ramukan tsatsar gefen hagu suna nan, ana ganinsu, sun dai mutu. Raba su da bututun na nufin a rage kaurinsa, ni kuwa ba zan rage ƙarfen bututun .404 don ado ba.

Ɗaukar harsashi

Bindigar da za a fuskanci ɓauna da ita, kyan harbinta na farko bai kai muhimmancin zuwan na biyu ba. Da harsasan gwaji marasa albarushi aka yi ta jarraba ta: a hankali, da sauri, baki sama, baki ƙasa, a karkace. Biyun farko suna hawa sumul. Na ƙarshe kuwa, idan aka ja sakata da ƙarfi, sai ya kuɓuce wa leɓe ya yi tsalle gaban ƙugiya, wani lokaci ma ya faɗo waje. Harshen magazin ne bai dace ba, tudunsa bai tura faffaɗan kwanso ƙarƙashin leɓe sosai, sifirin ɗinsa kuma ya gaji. Jarabar da ke kama mutum a nan ita ce ya ɗauki magagari ya taɓa leɓɓan. Ban taɓa su ba. Harshe abin sauyawa ne, idan ya lalace a sami wani, leɓe kuwa jikin uwa ne. Aka sa sabon harshe aka daidaita tudunsa, aka sa sabon sifirin, matsalar ta kau.

Murfin ƙasan magazin yana buɗewa da ɗan hannu, kuma maƙallinsa ya saki. Irin wannan na iya buɗewa da dukan baya ya zubar da harsasai a ƙafar mai harbi. An ƙara masa zurfin kamu da sifirin mai tauri. Allura na fitowa milimita 1.5, cikin iyakar da ake so. An jarraba makullin tsaro yadda ya kamata: a ɗana, a sa makulli, a ja kunama, a saki, sannan a cire makulli. Idan allura ta faɗi a wannan lokacin, bindigar ba ta fita daga wurin gyara. Ba ta faɗi ba.

Gwaji da sabon tambari

An aika da ita gidan gwaji na ƙasar da ke cikin yarjejeniyar C.I.P., hukumar da aka kafa a 1914 don ƙasashe su amince da tamburan juna. Iyakar matsin da ta gindaya wa .404 ita ce 3,650 a ma'aunin bar, gwajin kuwa harbi biyu ne da harsasai masu matsin da ya ɗara wannan da kashi 25 cikin ɗari, sannan a sake auna komai. Na gaya wa mai ita tun farko cewa bindiga na iya mutuwa a can, kuma gara ta mutu a ɗakin gwaji. Ta dawo da tambarinta, rata ba ta motsa ba.

Ya so a ɓoye sabuwar lambar a ƙarƙashin katako don kada darajarta ta faɗi a idon masu tara tsofaffin bindigogi. Ban yarda ba. Darajar ta riga ta faɗi ranar da aka ƙwaƙule mazaunin, kuma bindigar za ta wuce shi ta shiga hannun wanda bai ji wannan bayani ba. An ja siririn layi a kan 10.75×68 yadda za a iya karanta ta, aka buga .404 JEFFERY kusa da ita a inda ido ke fara sauka. Ya kai takardar gwajin wurin hukumar lasisi aka gyara lambar harsashi a rajista, ya kuma miƙa musu tsofaffin kwalayen biyu.

A filin harbi, a nisan mita 50, ta riƙa bugawa sama da inda aka saita da kusan faɗin tafin hannu. Haka ake tsammani, domin an yanka saitin don kai mara nauyi, mai nauyin kuwa yana ɗaga baki sosai kafin ya fita. Aka sa ƙwayar saitin gaba mai ɗan tsawo, ta asalin aka naɗe ta aka ba shi ya adana. Harbi uku suna taruwa cikin santimita shida zuwa bakwai, wanda ya isa ga aikin da aka yi ta dominsa. Bututun na saurin tara tagulla saboda ramukan ciki, don haka yana son wanki bayan kowane fita. Harsasan .404 na masana'antun yau da yawa suna gudun wajen mita 700 a daƙiƙa, na ba shi shawarar ya nemi masu gudun da ya fi kusa da na asali, saboda ƙotar. Zai riƙa zura 'yar takarda a bayan wutsiyar uwa lokaci-lokaci. Ranar da ta ƙi shiga, ya daina harbi ya dawo da bindigar a duba gurbin dunduniya.